Gyare a Cikin Bonet

Litinin, 6 ga Afrilu

Ta sake yi. A titin bayan tsohuwar masaƙa, daidai doguwar katangar nan. Cir-cir-cir, 'yar siririya, kamar gyare ya maƙale a cikin bonet yana neman hanyar fita. Na rage gudu, ta ragu. Na tsaya, ta yi tsit. Na fito na ɗaga bonet na tsaya a kan inji kamar wanda ya je dubiya ya tarar mara lafiyar yana barci.

Yau kwana goma sha ɗaya da fara jin ƙarar nan. Wata rana ta yi, wata rana ko tari.

Jif ɗin shekararta ashirin da shida, goma sha tara a hannuna, tun ranar da ma'aikatar ruwa ta yi gwanjon motocin shiga daji, ta haɗa da mu ta sallama. Ni da ita rana ɗaya aka ce mun tsufa. Ban taɓa jin ta yi irin wannan kukan ba.

Laraba, 8 ga Afrilu

Na faɗa wa mamansu. Ko ɗagowa ba ta yi daga ninkin kaya ba. Wai mota ta tsufa, mai mota ya tsufa, to wa zai yi wa wani shiru?

Da yamma na kai ta gidan ƙanwarta, da gangan na bi ta katangar. Na ɗage gilasai na kunna mata esi, don ni ban taɓa ɗaukar mutum ya sauka da gumi ba, komai lalacewar zamani. Muka je muka dawo, motar tana tafiya sumul kamar ta san da baƙo.

"Ni dai ban ji komai ba sai hucinka," in ji ta.

Asabar, 11 ga Afrilu

Garejin Kurma. Kunnensa lafiya lau, sunan ya samo asali ne daga rashin sauraron bayanin mai mota. Ajinmu ɗaya a firamare, ya gudu a aji biyar saboda lissafin rabawa. Ni na haye teku na yi shekara shida ina karanta yadda ruwa ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Yau shi mutane ke layi su gani. Ni kuwa ko ranar ma'aikata ba a turo min kati.

Tun daga kwanar layinsa na rufe gilasai na kunna esi, ba zan shiga wurinsa riga a jiƙe ba. Na bar injin yana aiki na fara bayani daki-daki, lokaci da wuri da gudu. Ya bar ni ina zuba ya ɗauko wata doguwar sukudireba, ya dafa bakinta a jikin altaneta, ya kara ƙotar a kunne, ya lumshe ido. Daga nan famfon ruwa. Daga nan famfon sitiyari. Ya yayyafa wa fambel ruwa ya saurara. Sannan ya shimfiɗa kwali a kujera don kada ya ɓata min ita, muka zaga gari kusan rabin awa.

"Injiniya, ai wannan injin ya fi mu lafiya ni da kai. Bar min ita kwana biyu in yi ta yawo da ita."

Na ce shekara goma sha tara ba wanda ya riƙe sitiyarin nan sai ni.

"To sai ka zo min da ƙarar a leda."

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ban faɗa masa ba, a nan nake faɗa.

Lahadi, 12 ga Afrilu

A hanyar dawowa daga sayen jarida, minti huɗu cur. Ni kaɗai, ba shakka.

Talata, 14 ga Afrilu

Na ɗauko wani tsohon littafin awo da ya rage min daga ofis, na ja layuka da rula. Rana. Lokaci. Zafin gari. Zafin inji. Giya ta nawa. Kwalta ko burji. Hawa ko gangara. Inda na sha mai. Abin da ya zo sau biyu yana da dalili, haka aka koya mana, kuma har yau ban ga abin da ya ƙaryata hakan ba sai halin mutane.

Da na buɗe littafin wani ƙamshi ya taso, na tsohuwar takarda da laka. Sai ga ni a bakin kogin da aka ce za a yi wa madatsa. Shekara bakwai muna auna shi, damina da rani, da wannan motar muke zuwa. In rana ta kusa faɗuwa sai in hau kan bonet in jingina da gilashi, ƙarfen da sauran ɗuminsa, ruwan ya koma launin tagulla, gyare su ɗauka daga wannan gaɓa zuwa waccan. A lokacin ina ganin madatsar a idona, ƙofofinta biyar, gonaki shar har inda ido ya tsaya. Zanen yana can a wata durowa, in gara ta rage wani abu. An yi bikin aza harsashi sau uku, kowane sabon shugaba da nasa dutsen.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a zaune ba. Shayin ya yi sanyi har ya yi fata.

Juma'a, 17 ga Afrilu

Auta ta biyo daga wurin aiki, da farar rigarta ta ɗakin gwajin jini a hannu. Ita kaɗai ce cikin yaran ta rage a garin, ita ce kuma ta ɗauko taurin kaina kaf. Na ce ta zo ta ji wani abu. Na rufe mata gilasai, na sa mata sanyi, muka bi ta katanga sau uku. A na ukun ta daina kallon gaban mota ta koma kallona ta gefen ido.

"Baba, a wane kunnen ka fi jin ta?"

Na ce ba a kunne take ba, a mota take.

Da muka dawo na ji su a kicin, sun rage murya amma ƙofar ba ta rufuwa da kyau. Mamansu ce ta faɗa. Haka Yaya ya fara.

Asabar, 18 ga Afrilu

Yaya. Na daɗe ban rubuta shi ba.

Rediyo yake ji a cikin bangon ɗakinsa, wai ana karanta labarai amma ba a ɗaga murya. Mutum mai tsabta, mai guga, malamin lissafi shekara talatin. Ranar da na je na tarar ya fasa filasta da guduma, ya tsaya da ƙura a gashin ido yana ce min, ƙanena, matso ka ji, yanzu za su faɗi yanayin sama.

Ni na karɓe makullin motarsa. Na ce masa za a kai ta wanki. Har ya rasu yana tambaya ko an gama wankin.

An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa. Ba a faɗi inda ake samo ruwan ba.

Litinin, 20 ga Afrilu

Littafi ya cika shafi huɗu. Ta zo sau tara, ta ƙi zuwa sau goma sha biyu. Ba ruwanta da zafin gari, ba ruwanta da gidan mai. Ta fi son giya ta uku, shi ke nan abin da na kama. Na yi tunanin boris ɗin altaneta, amma boris in ya fara ba ya hutu. Na yi tunanin garkuwar salansa, na shiga ƙarƙashi na bubbuga, gam take, sai bayana da ya riƙe. Fambel kuwa ƙugi yake yi, ba ya kukan gyare.

Dabara ta zo min. Na ɗora waya a gaban mota na danna ɗaukar murya. Ta yi, ta yi sosai, kusan minti goma. Na dawo gida ina jin kaina kamar ranar da na karɓi digiri. Ban saurara ba, na bari sai a gaban shaidu.

Alhamis, 23 ga Afrilu

Da ma na saurara ni kaɗai.

Na tara su a falo, Auta da mamanta, na ajiye wayar a kan tebur. Iska ce kawai, fuu, da ƙarar tayoyi, da babura suna wucewa. Sai kuma murya. Tawa. Minti tara ina magana. Ina faɗa wa Yaya zurfin kogin a wata na takwas, ina ce masa ya gyara zama za mu shiga yashi, har da dariya. Wallahi ban san na yi ba. Na san tunani ya ɗauke ni a ranar, ban san ya fito ta baki ba.

Mamansu ta tashi wai ta bar wani abu a wuta. Ba ta ɗora komai ba.

Auta ta ce ta riga ta karɓar min rana wurin likitan ƙwaƙwalwa, Laraba mai zuwa. Sannan ta durƙusa a gefen kujerata, abin da ta daina tun tana sakandare.

"Baba, ba zan yi maka wayo ba. Makullin nake so, zuwa mu ga likita. In ya ce lafiya, da hannuna zan dawo maka da shi."

Na yi faɗa, na ambaci takardun da na karanta da ƙasashen da na taka, na ce tun ba a haife ta ba nake tuƙi a inda babu hanya. Ta bar ni na gama. Hannunta yana nan a buɗe.

Na ba ta. Ta fi ni, ita ba ta ce wanki ba.

Asabar, 25 ga Afrilu

Bayan azahar na je na zauna a cikin motar, a inda take ƙarƙashin rumfa. Ƙofar direba da ma ba ta kulluwa. Na dafa sitiyari, ya sha hannuna har ya yi santsi a wuri biyu.

Barci ya sace ni. Ina tuƙi a kan madatsar, an gama ta, kwaltar samanta sabuwa fil, ruwa dama ruwa hagu, shiru kamar an shimfiɗa gilashi. Babu jami'i ko ɗaya, babu tanti, babu lasifika. Motar ba ta taɓa ƙasa sosai. Fararen tsuntsaye suna tafiya daidai da taga, ba sa kaɗa fiffike. Ina ta neman wanda zan nuna wa ƙofofin nan biyar, kujerar gefe ba kowa. Sai gyaren ya fara, a hankali, daga can ƙarƙashin ruwa.

Na farka yana yi. Inji a kashe, makulli a jakar Auta, yana yi. Kafin in gama dawowa hayyacina ya tsaya.

Akwai ciyawa a bayan rumfar, gyare na gaske ba abin mamaki ba ne. Da rana tsaka dai.

Wannan ban sa shi a littafin awo ba.

Litinin, 27 ga Afrilu

Na goge takalma, na sa an yi wa kwat guga. In za a ce na taɓu, a ce wa mai kwat.

Laraba, 29 ga Afrilu

Bari in bi abin daki-daki.

Auta ta zo ƙarfe takwas da mura, hanci ja, murya a shaƙe. Tata motar tana wurin mijinta, don haka ta ce da jif za mu. Na zagaya ɗaya gefen. Shekara goma sha tara, ban san kujerar nan ta fi tawa laushi ba. Ta ja kujerar direba gaba, raina ya sosu. Na kai hannu zan kunna mata esi ta ce a'a Baba, ka rufa min asiri da wannan murar, a bar gilasai a buɗe.

Ashe garin nan yana da sama. Direba ƙasa yake kallo, ramuka da ƙafafun mutane. Yau na ga benaye, na ga wata tsohuwa a baranda tana ba tukwanen fulawa ruwa da buta, na ga an yi wa hasumiyar tashar jirgin ƙasa fenti ban san yaushe ba. Bishiyoyin titin asibiti sun haɗe kai ta sama, haske yana zubowa ta tsakaninsu ɗigo-ɗigo a kan gwiwata. Na ji kamar a kwalekwale nake.

Muna shiga titin masaƙa ta sa giya ta uku. Gyaren ya fara.

Ban motsa ba. Na kafa ido a kan katanga ina ƙirga tubala. Na ce a raina ko zai fasa min kai ba zan buɗe baki ba, ba a hanyar likita ba. Cir-cir-cir. Tubali arba'in da ɗaya, arba'in da biyu.

"Baba, wai mene ne ke yin wannan cir-cir ɗin?"

Na ce wanne?

"Wannan mana, kamar gyare."

Ta gangara gefen titi ta tsaya. Ta riƙe sitiyari da hannu biyu tana kallon gaba, sai ga hawaye. Ta ce murar ce. Na ce na sani, mura ba ta da kirki. Na miƙa mata hankicina, wanda na goge don likita.

Ba mu je asibitin ba. Ta juya sai garejin Kurma, gyaren yana raka mu. Muna kaiwa kwanar layinsa hannuna ya tafi da kansa, na murɗa gilashi sama, na danna esi. Aka ji ɗan tak daga gaba. Shiru.

Auta ta kalli maɓallin, ta kalli yatsana.

"Kashe, Baba."

Na kashe. Ta wuce garejin ta ci gaba, ba mu yi nisa ba ya dawo.

"Kunna."

Tak. Shiru.

Sau biyar muka yi, muna zaga layin kamar masu koyon mota, har Kurma ya fito bakin titi ya riƙe ƙugu yana kallonmu.

Da aka ɗaga bonet ya sa Auta ta taka totur ta riƙe shi a tsakiya, esi a kashe, abin da ni kaɗai ba zan iya ba, ƙafa a ciki kunne a waje. Ko sukudireba bai ɗauka ba. Ya nuna min da yatsa. A fuskar kwamfaresar esi akwai wani faifan ƙarfe, robar da ke riƙe da shi ta cinye. In esi na kashe sai ya yi lilo yana gogar fulin da fambel ke juyawa, in ya ga dama. In an kunna, maganaɗisu ya fizge shi ya manne, sai shiru.

"Injiniya, in kai kaɗai ne ba ka kunna esi?"

Na ce iskar Allah ta ishe ni.

"In ka ɗauki mutum fa?"

 Auta ce ta amsa, tana dariya tana jan hanci, wai ko mai gadi Baba ya rage wa hanya sai ya sa masa sanyi.

Kurma ya karɓi littafin awon daga hannuna, ya buɗe yana bin layukan da baƙin yatsansa, shafi bayan shafi. Na ɗauka zai yi ba'a. Ya daɗe yana dubawa.

"Aiki ya yi kyau," ya ce. "Layi ɗaya ka manta, na girman kai. Da ka shigo min da guminka tun ranar farko, da ko zama ba ka yi ba."

Na ce wanda ya gudu daga lissafin rabawa ba shi zai duba min aiki ba. Ya ce to ai ga shi ya duba.

Alhamis, 30 ga Afrilu

Ya samo faifan a jikin wata kwamfaresa ta kwance, ya auna tazarar da siririn ƙarfe, ya ɗaure. Na tsaya a kansa har ya gama, bai kore ni ba. Ya ba ni tsohon faifan, gefensa ya goge yana ƙyalli kamar cokali.

Na ajiye shi a kan teburin falo, inda mamansu za ta gani. Ta ɗaga ta juya shi ta ce, "Wannan ɗan abin?" Sai ta sa shi ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa.

Da yamma Auta ta kawo makulli, da hannunta kamar yadda ta ce.

Asabar, 2 ga Mayu

Na fita ni kaɗai, gilasai a buɗe, giya ta uku, katanga daga farko har ƙarshe. Ba komai. Na dawo na sake bi. Ba komai.

Na yi gaskiya. Ya kamata in ji daɗi fiye da haka.

A hanyar dawowa wani mai babur ya yi min ihu a mahaɗa, wai fitila ta ba da hannu tun ɗazu. Ban san inda na tafi ba. Kogin, ina jin.

Kurma ya canja faifai. Minti taran nan kuwa ba a kwamfaresa suke ba.

Talata, 5 ga Mayu

Auta ta kira, murar ta sake ta. Ta ce za ta je ta soke maganar likitan gaba ɗaya, kuma in yafe mata.

Na ce ba a haka. Mutum ya ware lokacinsa, ya rubuta sunanka, ka ƙi zuwa, sannan ka aika a soke? Irin wannan ne ya kashe ma'aikatu. Na ce ta karɓi wata ranar, a je a gaisa da shi ko don ladabi. Ta ce akwai Alhamis. Na ce Alhamis ɗin ta yi.

Na ce kuma ita za ta ja, don wurin ajiye mota a asibitin nan sai mai sauran wuya, ni nawa ba ya juyuwa sosai. Hannunta ma ba laifi a giya, ba ta wahalar da kuloci.

Da ta biyo da yamma kawo wa mamanta magani, na sa mata makullin a jaka kafin ta fita. Ba wani abu ba ne. Nauyi yake min a aljihu, yana ɓata zaman wando.